Hantsin da Ya Koma Dare a Damagaram

A ƙarshen watan Maris na 2006 hanyar Kano zuwa Damagaram ba ta yi daɗin bi ba. An gama ƙidayar jama'a a Najeriya ke nan, wadda ta zaunar da mutane gida kusan mako guda, saboda haka tasha ta cika maƙil da waɗanda harkokinsu suka tsaya. Bazara ta kunno kai da zafinta. Ga kuma murar tsuntsaye da ta ɓulla a Kaduna da Kano cikin Fabrairu har ta tsallaka Magarya, shi ya sa a bakin iyaka ake zazzage bayan kowace mota a ga ko wani ya ɓoye kaza. Tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka: Kazaure, Daura, Kwangwalam, a shiga Nijar ta Ɗan Barto, a bi Matamaye da Kance zuwa Takeita, inda ake hawa babban titin da ya taho daga Yamai a miƙe gabas. Mun tashi da hantsi, amma sai da la'asar sakaliya muka hango duwatsun garin.

Abin da ya fito da ni wata taswira ce da abokina, malamin labarin ƙasa, ya shimfiɗa mini a teburinsa. An ja wani baƙin layi a kanta, faɗinsa bai cika kilomita 200 ba. Ya faro daga gaɓar Barazil, ya haye teku, ya ratsa Gana da Togo da Benin, ya shigo Najeriya ta wajen Shaki, ya bi ta Gusau da Katsina, ya ɗauki Maraɗi da Damagaram, ya nausa Sahara ta wajen Bilma zuwa Libiya, ya wuce Turkiyya har ya ƙare a kan iyakar Mongoliya. Duk wanda ke cikin layin nan ranar Laraba 29 ga wata zai ga wata ya rufe rana ruf, wato husufin rana. Kano tana gefe, ta kuskure da kaɗan. Katsina ta fi kusa da ni, amma ina da kawu a unguwar Birni da ya daɗe yana aiko mini da gorin zumunci. Abokin nawa ya haɗa ni da 'yan tabarau na kwali, masu wata baƙar leda mai ƙyalli a gurbin gilashi, waɗanda aka aiko masa daga waje. Na gwada ɗaya a ofishinsa. Na ɗaga tafin hannuna ban gan shi ba, ƙwan lantarkin da ke kunne ma sai ɗan zaren cikinsa na iya gani da ƙyar.

Kawu ya tarbe ni da irin tarbar da Badamagare ke yi wa Bakano tun zamanin yaƙe-yaƙen Amadu Kuran Daga da Sarki Alu. "Wato rana ma ba ta yarda ta yi abin mamakinta a Kano ba, sai da ka zo wurin iyayen gidanka." Na ce, "Kawu, ai ko bara ma inda ake rabo ake zuwa." Ya sa aka kawo mini fura, aka ɗebo ruwan wanka rabin bokiti daga na 'yan ga-ruwa, don a Damagaram ta wancan lokaci famfo sai ya ga dama yake kawowa, baƙo ma da mudu ake auna masa.

Bayan lisha zauren ya cika. Kwana da kwanaki gidajen rediyo suna ta gargaɗin kada a kalli rana gobe, kuma gargaɗin ya yi aiki ta fuska biyu: wasu sun tsorata, wasu kuma ya sa musu ƙaiƙayin gani. Wani dattijo ya ce shi abin bai kwanta masa ba. Bara yunwa ta yi wa yankin illa, har 'yan jaridar duniya suka cika Maraɗi da Damagaram, bana cutar kaji, ga shi yanzu rana za ta yi zazzaɓi da tsakar hantsi. Limamin unguwa ya bar shi ya kai aya, sannan ya tuna masa cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina a shekara ta 10 bayan hijira, rana ta yi husufi, mutane suka ce don rasuwar ce. Annabi ya gyara musu: rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an gani a tashi a yi salla. Ya ce gobe kowa ya zo masallaci da alwalarsa.

Daga nan aka shiga maganar dabarun kallo, kuma kowa da tasa. Tela na da tsohon hoton ƙirji na asibiti da zai yayyanka. Wani ya riga ya turara fasasshen gilashin taga da hayaƙin fitila. Wani saurayi ɗan kabu-kabu, maƙwabcin Kawu, ya zaro baƙin tabarau biyu daga aljihu ya ɗora ɗaya bisa ɗaya, ya ce dala ɗari-ɗari ya saye su a bakin tasha, mai tallar ya rantse masa na husufi ne. Hoton asibiti wani wuri baƙi ne, wani wurin kuma inda ƙashi ya fito haske ke wucewa abinsa. Baƙin hayaƙi ba ya zama daidai a kan gilashi, ɗan yatsa ma na iya share shi ba ka sani ba. Tabarau na kwalliya kuwa yakan bar kusan kashi 10 cikin 100 na haske ya wuce, ko fiye, alhali na husufi na gaskiya abin da yake bari bai wuce kusan kashi 3 cikin 100,000 ba. Na miƙa wa saurayin nawa ya sa. Ya cire da sauri, ya ce, "Yaya, wannan ai makanta ce ka sayo da kuɗinka." Aka yi dariya.

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce dabarar kwano. Wannan tsohuwar hanya ce, kuma masu ita ba sa ganin sun kalli rana sam: a zuba ruwa a baƙar roba ko ƙwarya, a sunkuya a ga rana a ciki. Kawu da kansa ya ce haka kakarsa take yi. To, rana ta fi wata ɗan daren sha huɗu haske kusan sau 400,000. Ko da kashi 2 cikin 100 kawai ruwan ya maido, lissafin ya kai hasken wata 8,000 a dunƙule a ɗigo guda, kuma ɗigon nan mutum zai zuba wa ido. Illar duk waɗannan dabaru iri ɗaya ce. Suna rage ƙyallin da ke sa mutum ya runtse ido ya kau da kai, wanda shi ne garkuwar da aka halicce mu da ita, amma ba sa rage hasken ya kai inda ba zai cutar ba. Sai mutum ya samu damar ƙura ido ga abin da a ranar yau da kullum ko ƙiftawa biyu ba zai iya jurewa ba.

Mai walda na bakin layi shi ne ya fi kowa kusa da gaskiya. Ya aika yaronsa ya ɗauko gilashin fuskar aikinsa, muka haska shi da tocila muka sami lambar a gefe: 10. Gilashin walda yana da matakin duhu, kuma wanda masana suka yarda a kalli rana da shi lamba 14 ne, duk abin da ya gaza 12 kuma a ajiye shi gefe. Ya ce shekara nawa yana kallon wutar walda da wannan ba abin da ya same shi. Na ce wutar walda daban, rana daban. Bai gamsu ba, amma ya ce zai zo ya ari nawa ya gwada.

Da safe na zaga Birni kafin lokaci. Lunguna ƙanana, gidajen ƙasa masu zanko da zanen fuska, manyan duwatsu a zube tsakanin gidaje har wasu an jingina katanga da su. Na wuce ƙofar fada, inda dogarai ke zaune da jajayen riguna. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye garin nan da ganuwa, har igwa aka riƙa ƙerawa a zamaninsa. Faransawa sun ci garin a 1899, kuma nan ne babban birnin mulkinsu na Nijar kafin su mayar da shi Yamai a 1926. Duk wannan na ji shi a bakin ɗan Kawu muna tafe, ni kuwa hankalina na sama. Akwai ɗan hazo-hazo, amma ba gajimare.

Wajen ƙarfe tara da rabi na sa tabarau na duba. Rana ta zama ɗan ƙaramin faifai mai ruwan lemo a cikin baƙi ƙirin, kuma an ɗan gutsure ta a gefe guda. Wanda bai da tabarau ba zai san komai ya fara ba, don gari na nan da haskensa. A cikin gida Inna, matar Kawu, ta rufe randuna, ta kora yara ɗaki ta ja ƙyaure, ta kuma hana surukarta mai juna biyu ko leƙo tsakar gida. Hasken husufi hasken rana ne na kullum, ba ya zuba guba a ruwa, ba ya taɓa ɗan ciki. Ban ja da ita kan randuna ba, rufe ruwa ba laifi ba ne. Yaran ne na roƙa. Yaron da aka kulle a ɗaki ta taga zai leƙa, ko ta hujin kwano, kuma ba babba a kansa.

Na ce ta ara mini rariyar dambu. Muka fito da yaran, na sa kowa ya ba rana baya, na shimfiɗa farin zane a ƙasa na ɗaga rariyar sama da shi kamu uku ko huɗu. Kowane huji ya jefa hoton rana a kan zanen, kuma kowane hoto da gutsurensa. Inna ta karɓi rariyar da kanta, ta ɗaga ta sauke har hotunan suka fito tsaf. Can wata 'yar jikarta ta yi ihu tana nuna gindin dogon yaron da ke ƙofar gida. Ɗigo-ɗigon hasken da ke ratsowa tsakanin ganye, waɗanda kullum muke takawa ba mu kula ba, duk sun koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa, a ƙasa da jikin katanga da bayan akuyar da ke ɗaure a wurin. Iska na kaɗa reshe suna rawa. Nan yaran suka tare, ba wanda ya ƙara marmarin ɗaga kai. Wata makwabciya ta fito da faifanta mai 'yan ƙofofi, wani yaro ya sarƙe yatsunsa ya ga abin ya fito a inuwar hannunsa. Tabaran kwalin kuma muka riƙa zagayawa da su bi da bi: a sunkuya a sa, a ɗaga kai a duba na ɗan lokaci, a sunkuya sannan a cire.

Aka yi kiran mutane masallaci, ba da kiran salla ba, don wannan salla ba ta da shi, ba ta da iƙama. Raka'a biyu ce, kowace da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, liman na karatu a ɓoye yadda Malikawa ke yi, kuma tsayuwar doguwa ce. Ina cikin sahu na lura cewa mu da ke ciki mun fi kowa tsira da idanunmu a garin, don lokacin da rana ta zama siririya mai jan hankali, mu ƙasa muke kallo. Matasan da ke bakin titi da yaran da ba kowa a kansu su ne a fili.

Da muka fito gari ya sauya. Haske ya dusashe, ya yi wani fari-fari mara ƙarfi, inuwar mutum ta yi kaifi har gashin kai ana rarrabewa. Zafin bazara ya sauka, iska mai sanyi ta taso. Kajin da suka rage a unguwar suka nufi akurki. Wannan shi ne lokaci mafi haɗari, don ko kashi 1 cikin 100 na fuskar rana ya rage, ya fi cikakken wata haske sau dubbai, ga shi gari ya yi duhun da ido ke sakin jiki. Na riƙa faɗa wa yara, "Ba yanzu ba, ku dubi ƙasa."

Bayan goma da rabi da 'yan mintoci ɗan zaren hasken ƙarshe ya ɓace a cikin tabarau, ban ƙara ganin komai ba. Na cire. A inda rana take sai wani baƙin da'ira, kewaye da farin haske mai laushi da ya bazu gefe-gefe. Wannan iskar da ke kewaye da rana ce, haskenta bai fi na cikakken wata ba, shi ya sa a wannan ɗan tsakani kaɗai ido tsirara yake iya kallo lafiya. Zara ta fito fes ta yamma da ita. Gindin sama ta kowace kusurwa ya yi ja irin na magariba. Garin gaba ɗaya ya ɗauki kabbara, daga Birni har Zango, yara can wani lungu suna ta dukan gwangwani. Kawu ya riƙe hannuna yana ta salati. Wata ya fi rana ƙanƙanta kusan sau 400, ya kuma fi ta kusa da mu kusan sau 400, shi ya sa ya zauna a kanta daidai wa daida. Abin ya ɗauki minti uku ko kusa da haka. Sai wani ɗigo mai tsananin haske ya ɓullo a gefe, na ɗaga murya, "Ku sunkuya! Ta dawo!" Inna ta fi ni zafin nama, ta riga ta danna kan jikoki biyu ƙasa da hannayenta. Zakaru suka yi cara. Sai wajen sha biyu rana ta gama cika, amma kafin nan yawancin mutane sun koma harkokinsu.

Washegari Alhamis, ranar babbar kasuwar garin, na shirya zuwa Kasuwar Dole sayen takalman fata da kilishi na tsaraba. Sai ga ɗan kabu-kabun nan a ƙofar zaure, bai fito da babur ba. Ya ce da Kawu, "Baba, tun da na tashi duk abin da na duba akwai wani tabo a tsakiyarsa. Ina ganin kunnuwanka da hularka, amma hancinka ba ya nan." Jiya a bakin titi shi da abokan aikinsa suka yi ta karɓa-karɓar tabaran nan biyu, har da gasar wa zai fi daɗewa. Ya ce ko ɗan zafi bai ji ba, da dare ma ya yi aikinsa lafiya lau.

Muka kai shi wurin likitan ido. Ya ɗiga masa magani, ya jira ƙofar idon ta buɗe, ya leƙa da fitilarsa. Bayanin da ya yi mana a taƙaice ne. Ƙwayar ido tana tattara haske ta jefa shi can ƙurya a kan wani tantani, kamar yadda yara ke tattara rana da gilashi su ƙona takarda. A tsakiyar tantanin akwai wani ɗan wuri ƙarami, da shi muke karatu, da shi muke gane fuska da zura zare a allura, kuma duk abin da mutum ya ƙura wa ido a nan hotonsa ke sauka. In rana ce, hasken ya yi wa ƙwayoyin wurin yawa ya lalata su. Tantanin ba shi da jijiyar jin zafi, don haka ba abin da zai ce maka ka daina. Alamar ma ba ta fitowa nan take, sai bayan sa'o'i, wani lokaci sai washegari: tabo a tsakiyar gani, miƙaƙƙen layi ya koma karkatacce, launi ya dusashe. Ya ce babu maganin da aka tabbatar yana gyara shi. Da yawa sukan samu sauƙi a hankali cikin makonni zuwa wata shida, wasu kuma tabon ya zauna. Ya hana shi hawa babur na wani lokaci, ya kuma gargaɗi uwarsa kada a zuba masa kowane irin haɗi a ido. Bayan damina Kawu ya aiko mini cewa idon hagu ya washe, na dama kuwa in zai karanta lamba sai ya ɗan karkata kai.

Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 wani husufin zai zo. Layin duhunsa zai bi ta kudancin Sifaniya da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, ya kai Masar inda a Luksor zai haura minti 6, ya wuce ta Jidda da Makka. Damagaram da Kano ba sa cikin layin, wani yanki na rana kawai zai rufe, ma'ana babu ko daƙiƙa ɗaya da za a iya kallo da ido tsirara. Ga shi tsakiyar damina ne, kuma siririn gajimare yana yin irin aikin baƙin tabarau, ya rage ƙyalli ya bar illa. Na 20 ga Maris 2034 shi kuwa ta kudu zai bi, ta Legas ya nufi Kamaru da Chadi. Abin da ya ƙaru tun 2006 shi ne waya a kowane hannu, kuma mai ɗaga waya yana neman rana a allo, idonsa kan zame ta gefen wayar ya faɗa kanta. Na'urar hango nesa da kyamara mai dogon baki sun fi haka muni: ko da tabarau a fuska, hasken da suka tattaro yana iya huda ledar, dole sai an sa matacin hasken rana a gaban na'urar.

Tun 2015 akwai ƙa'idar duniya ta irin wannan tabarau, ISO 12312-2, wadda ake bugawa a jikin kwalin. Sai dai buga lamba ba wuya ga mai jabu, saboda haka a gwada a gida tukuna. In ka sa shi kana ganin kujera ko fuskar mutum, ba shi ba ne. In an ɗaga shi ga fitila an ga huji ko ƙarzuwa, a yar. Gilashin walda kuwa na zaga rumfunan masu kayan aikin na tambaya: lamba 10 da 11 ne a kan tebur ko'ina. Wani mai rumfa ya ce 14 sai an yi oda, in kawo kuɗi in ba shi wata biyu.